KYAUTAR DA BA A SAYE, BASHIN DA BA A GAMA BIYA
Wa'azi a kan ciwon hanta na yara, dashen sassan jiki da aikin jinƙai



Uwa Ikkilisiya, a cikin hikimarta, takan haɗa mana labarai biyu a Misa ɗaya: labarin Na'aman, sarkin yaƙin Suriya (2 Sarakuna 5), da labarin kutare goma da Ubangiji ya warkar a kan iyakar Samariya da Galili (Luka 17:11-19). Na'aman ya zo da azurfa da zinariya da tufafi masu tsada domin ya sayi lafiya, amma abin da ya warkar da shi nitso ne sau bakwai a Kogin Urdun, kuma da ya kawo lada, annabi Elisha ya ƙi karɓa. Su kuwa kutaren nan goma, dukansu sun tsarkaka a kan hanyarsu ta zuwa wurin firistoci, amma mutum ɗaya tak ya juyo ya yi godiya, shi ma baƙo ne, Basamariye. Akwai kuma mutum na uku da bai kamata mu manta da shi ba, wato Gehazi, baran Elisha, wanda ya bi Na'aman a guje, ya yi ƙarya, ya karɓi kuɗin abin da Allah ya bayar kyauta, kuturtar kuwa ta koma kansa.

Da waɗannan mutane uku muke so mu auna kanmu yau, a kan wata matsala da ke cin iyalai da yawa a ƙasarmu a ɓoye: ciwon hanta a jikin ƙananan yara.

Hanta, baiwa mai aiki shiru

Bahaushe ya san darajar hanta tun kafin likita ya gaya masa. Idan aminai biyu ba sa rabuwa, sai a ce sun zama hanta da jini. Idan tsoro ya kama mutum, sai a ce hantarsa ta kaɗa. Haka ma Ibraniyawa suka ɗauke ta mazaunin baƙin ciki mai zurfi: a Littafin Makoki 2:11, inda marubucin yake kuka saboda yara da jarirai suna suma a titunan Urushalima, kalmar da ya yi amfani da ita a harshen asali domin nuna zafin ransa ita ce hanta.

Hantar babban mutum takan kai nauyin kilo ɗaya da rabi. Ita ce ke tace jini daga guba, ta ajiye ƙarfin abincin da muka ci, ta haɗa abin da ke sa jini ya daskare idan mun ji rauni, ta kuma fitar da ruwan matsarmama da ke narkar da maiƙo a hanji. Tana yin wannan duka dare da rana ba tare da mun ji motsinta ba. Wannan shirun nata shi ne haɗarinta, domin takan daɗe tana lalacewa kafin ta yi ƙara. Amma Mahalicci ya ba ta wata baiwa da bai ba zuciya ko ƙoda ba: idan aka yanke wani sashe nata, sauran yakan sake girma cikin ƴan watanni. Ku riƙe wannan a zuciya, gama za mu komo kansa.

Abin da ke kama ƴaƴanmu

Ba daga nesa muke ɗauko wannan magana ba. A shekarar 2024 hukumomin lafiya na Jihar Zamfara sun ba da sanarwar wata cuta da ta fi kama yara a ƙananan hukumomin Maradun, Shinkafi da Gusau, mai kumbura ciki da ruwa, mai kumbura hanta da saifa, an kuma yi zargin gubar ƙarafa da ke shiga ruwa da ƙasa. Kafin wannan, a 2010, gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Darasin bai canja ba: abin da manya suka zuba a ƙasa da rijiya saboda neman abinci, jikin yaro ne ke fara biyan kuɗinsa.

Dam ɗin Bakolori, wanda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sokoto, albarka ne ga manoman Mafara, Bakura da Maradun. Shinkafarmu da kayan lambunmu na rani daga ruwansa suke. Amma ruwan da ke kwance a magudanai gida ne ga ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Iri ɗaya na tsargiya shi ne wanda muka sani, mai sa fitsarin jini, wanda wasu har yanzu suke ɗauka alamar balaga ce ga yaro namiji, alhali ciwo ne. Iri na biyu yakan zauna a jijiyoyin hanji, ƙwayayensa su taru a hanta, su taurara ta a hankali, har wata rana mutum ya yi aman jini. Maganinsa ƙwayoyi ne da akan raba wa yara a makarantu. Iyaye, kada ku hana ƴaƴanku sha.

Sai ciwon hanta nau'in B, wanda ke bin jini da ruwan jiki. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da shi, yawancinsu ba su sani ba. Babban mutum idan ya kamu, sau da yawa jikinsa yakan kore shi. Amma jaririn da ya ɗauka daga uwarsa lokacin haihuwa, a cikin 10 kusan 9 za su rayu da shi har tsufa, idan sun kai tsufan, domin ƙarshensa yana iya zama taurin hanta ko ciwon daji. Tun 2004 allurar rigakafinsa tana cikin alluran yara na ƙasarmu, kyauta ce kuma. Ta farko ana so a yi ta cikin sa'o'i 24 da haihuwa, sauran kuma a mako na 6, na 10 da na 14. Askar wanzami guda da aka yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga da ita, da reza guda da ake yanke cibiya ko farce, su ma hanya ce ta wannan ciwo.

Kada mu manta da rumbunanmu. Gyaɗa da masarar da aka ajiye da danshi sukan yi fumfuna mai guba, gubar kuwa hanta take nufa. Haka nan yawan ɗura wa yaro maganin zazzaɓi fiye da ƙima, da jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba.

Akwai kuma ciwon da ba laifin kowa ba ne. Wani jariri akan haife shi da hanyar matsarmama a toshe. Alamarsa ita ce shawarar da ta wuce mako biyu ba ta tafi ba, da bayan gida fari-fari kamar alli, da fitsari mai duhu. Wani likitan ƙasar Japan, Morio Kasai, ya fito da aikin tiyatar buɗe wannan hanya a shekarun 1950, kuma aikin ya fi yin nasara idan an yi shi kafin jariri ya cika wata biyu. Iyaye mata da ungozomomi, wannan maganar taku ce: shawarar da ta daɗe a jikin jariri ba ta shanya a rana ba ce, ba ta saiwa ba ce, ta asibiti ce, yau ba gobe ba. Daga babban asibitin garinku za a iya tura ku Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sokoto. Mun san hanya ba lafiya, mun san yadda ƴan bindiga suka sa tafiyar rabin yini ta zama abin fargaba, musamman ga mutanen Maradun. Amma kowane mako da aka jinkirta, hantar jaririn ce ke biya.

Muna kuma roƙonku da babbar murya: kada a ɗora wa kowa maita saboda cikin yaro ya kumbura. Da almajirai suka tambayi Ubangiji ko zunubin wane ne ya sa aka haifi wani mutum makaho, ya kawar da zargin daga kansa da iyayensa (Yohanna 9). Gidan da ke jinya ba ya bukatar a ƙara masa nauyin tuhuma.

Idan hanta ta gaza

Idan hanta ta mutu gaba ɗaya, babu injin da zai riƙe aikinta shekara da shekaru kamar yadda ake wankin ƙoda. Abin da ya rage shi ne dashe. Wanda aka fara gwada wa dashen hanta a duniya yaro ne ɗan shekara 3, a birnin Denver na Amurka, a 1963, a hannun likita Thomas Starzl. Yaron ya rasu a ɗakin tiyata. Sai a 1967 aka samu wata ƴar ƙaramar yarinya da ta rayu fiye da shekara guda da sabuwar hanta. A farkon shekarun 1980 aka samu maganin da ke hana jiki ƙin baƙon sashe, aikin ya fara tsayawa da ƙafafunsa. A 1989, a birnin Brisbane na Ostareliya, wata uwa ta ba ɗanta wani yanki na hantarta tana da rai, su biyun kuma suka tashi. A nahiyarmu, a birnin Johannesburg a 2017, wata uwa mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau ta dage tana roƙon likitoci har suka yarda suka dasa wa ɗanta da ke bakin mutuwa yankin hantarta, yaron kuwa ya rayu.

Ga inda baiwar nan da muka ambata take aiki: yankin da aka ɗauka daga uwa ko uba yakan girma tare da yaron, abin da ya rage a jikin mai bayarwa kuma yakan cika. Ashe Allah ya rubuta wa'azi a cikin naman jikinmu: akwai abin da idan ka raba shi, ba ya ƙarewa.

A Najeriya an fara dashen ƙoda a Legas a shekarar 2000, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuma a 2002. Dashen hanta kuwa bai zama aikin yau da kullum a asibitocinmu ba. Iyalan da suka samu hali sukan nufi Indiya ko Masar, da kuɗin da manomin Bakura ba zai tara ba ko ya sayar da gona da shanu da gida. Bayan aikin ma, yaron zai sha magani kullum muddin ransa. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, ita ce kuma ta sa a wurinmu rigakafi ya fi magani nesa ba kusa ba.

Abin da Ikkilisiya take koyarwa

Wasu sukan tambaye mu: ya halatta Kirista ya ba da sashen jikinsa? In ya bayar, yaya zai tashi a ranar ƙarshe? Amsar Ikkilisiya a fili take. Tun a 1956 Paparoma Pius na 12 ya amince da ba da fatar idon mamaci domin makaho ya gani. Waliyyi Paparoma Yohanna Bulus na 2, a wasiƙarsa ta 1995 a kan darajar rai, ya lissafa ba da sashen jiki cikin ayyukan jaruntaka na yau da kullum, ya kuma sake jaddada haka a gaban taron likitocin dashe a Roma a watan Agusta na 2000. Katikisim na Ikkilisiyar Katolika, a lamba ta 2296, ya shimfiɗa sharuɗɗan: mai bayarwa ko danginsa su yarda da kansu ba tare da tilas ba, haɗarin da mai bayarwa zai shiga kada ya fi amfanin da ake nema wa majinyaci, kada kuma a kashe ko a naƙasa wani domin a ceci wani. Game da tashin matattu kuwa, Allahn da ya yi mutum daga ƙurar ƙasa ba zai rasa yadda zai tashe shi cikakke ba. Shahidan da namomin jeji suka cinye, da waɗanda aka ƙone, ba za su tashi da ragi ba.

Maƙwabtanmu Musulmi ma ba a bar su baya ba: majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashen sassan jiki bisa sharuɗɗa, ta kuma haramta sayar da su. A kan wannan batu, hanyarmu da tasu ɗaya ce.

A duk Misa muna tsayawa a gaban Wanda ya ba da jikinsa da jininsa domin mu rayu. Mutumin da yake karɓar wannan kyauta a bagade kowace Lahadi ba zai ga baƙon abu ba idan aka ce masa jiki abin bayarwa ne.

Hanyar Gehazi

Amma duk inda Elisha yake, Gehazi yana kusa. Akwai dillalai da ke yaudarar samari marasa aiki, su yi musu alkawarin kuɗi ko aiki a ƙasar waje, su raba su da ƙodarsu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jikin mutum, kuma duk mun ji yadda a 2023 wata kotu a Landan ta ɗaure wani babban ɗan siyasar ƙasarmu saboda an kai wani saurayi ɗan talla daga Legas domin a cire ƙodarsa. Ba mu raina zafin zuciyar uban da ƴarsa ke ciwo ba. Amma ɗan talaka ma ɗan wani ne. Jikin matalauci ba rumbun kayan gyaran mai kuɗi ba ne. Samarinmu, duk wanda ya yi muku tayin kuɗi a kan sashen jikinku, ku guje shi, ku sanar da iyayenku da Fada ko Katikis.

Gehazi yana da wasu kamanni. Shi ne mai sayar da maganin da aka kawo domin a raba kyauta. Shi ne mai yawo da hoton yaro marar lafiya yana tara kuɗi, kuɗin kuwa ba ya isa gadon asibiti. Shi ne mai shelar cewa yana da kwalbar da ke wanke ciwon hanta cikin kwana bakwai. Wanda ya ci kuɗin majinyaci, wuta ya haɗiya.

Hanyar Basamariye

Yanzu mu koma ga wanda ya juyo. Yaron da aka dasa wa hanta ba zai taɓa iya mayar da ita ga mai ita ba. Na'aman bai iya biyan Elisha ba. Mu ma ba za mu iya biyan iyayen da suka yi jinyarmu ba, ko baƙon da jininsa ya shiga jikin matarmu ranar haihuwa. Irin wannan bashi ba a mayar da shi baya, gaba ake miƙa shi. Surukar Bitrus, da zazzaɓi ya sake ta, nan take ta tashi ta yi wa mutane hidima (Markus 1:29-31). Bahaushe ya ce yaba kyauta tukwici; tukwicin da Allah yake so shi ne a ga alherinsa ya wuce ta hannunmu zuwa ga wani.

A 1994 ƴan fashi suka harbe wani yaro Ba'amurke ɗan shekara 7, Nicholas Green, a kan hanya a kudancin Italiya. Iyayensa, a cikin wannan baƙin ciki, suka ba da sassan jikinsa, mutane 7 ƴan ƙasar da aka kashe musu ɗa suka samu rai ko gani. Wannan aiki ya girgiza Italiya, yawan masu bayarwa ya ninka a shekarun da suka biyo baya. Mu da muka san zafin harsashin ƴan bindiga, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu. Yana nuna mana cewa ko daga kabari alheri yana iya tsirowa.

To, mu da ba mu da asibitin dashe a kusa, me za mu bayar? Ga abin da muke roƙon kowace majami'a ta yi.

Na ɗaya, jini. Shi ne dashen da ke hannun kowa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yakan mayar da shi. Yara masu sikila, da masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da mata masu haihuwa suna mutuwa saboda rashinsa. Bari matasa da iyaye maza masu lafiya su rubuta sunayensu wurin Katikis, domin idan asibiti ya nema a same su. Gwajin da ake yi kafin a ɗiba zai kuma sanar da mutum ko yana ɗauke da ciwon hanta. Kada a tambayi addinin wanda za a ƙara wa. Jini ba shi da ƙabila, Ubangiji kuma Basamariye ya yaba.

Na biyu, Zumuntar Mata Katolika ta ɗauki nauyin jarirai. Duk matar da ta haihu, ko a gida ne, a samu ƴar'uwar da za ta tabbatar an kai jaririn allurar farko a ranar, ta kuma koma bayan mako biyu ta duba idanunsa da bayan gidansa. Mata masu ciki su nemi a yi musu gwajin ciwon hanta a wurin awo.

Na uku, asusun marasa lafiya. Ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul ta fara ne a Paris a 1833 da ɗalibai ƙalilan waɗanda ba su da dukiya, sai ƙafar zuwa gidajen matalauta. Mu ma a lokacin kaka kowane gida ya ware mudu ɗaya na hatsi ko shinkafa, a sayar, a ajiye domin kuɗin mota da na gwaji ga yaron da aka tura Gusau ko Sokoto. Sau da yawa ba kuɗin tiyata ke kashe yaro ba, rashin kuɗin motar zuwa a kan lokaci ne. Mutum uku su riƙe asusun, a karanta lissafinsa a gaban jama'a, domin kada Gehazi ya samu ƙofa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, ziyara. Ciwon hanta nau'in B ba ya bin gaisuwa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko zama a benci ɗaya a coci. Kada a ware kowa. Masu shirin aure su yi gwaji, wanda ba ya ɗauke da ciwon ya karɓi allura; ba dalilin wulaƙanci ba ne.

Na biyar, ku da Allah ya ɗaukaka, ƴaƴan wannan yanki da kuka yi karatu kuka zama likitoci, malaman jinya, ƴan kasuwa da ma'aikata a Abuja, Kaduna ko ƙasashen waje: da yawanku wani ne ya biya muku kuɗin makaranta ko na asibiti. Waliyyai Kosmas da Damiyan, waɗanda muke tunawa da su ranar 26 ga Satumba, likitoci ne da ba sa karɓar lada. Ba mu ce ku yi aiki kyauta duk shekara ba. Mun ce ku juyo, ko sau ɗaya, ku dubi inda kuka fito.

Ƴan'uwa, mutum goma suka warke, amma ɗaya ne ya koma gida da abin da ya fi lafiyar fata, gama shi ne ya gane hannun da ya taɓa shi. Kowannenmu da ya wayi gari hantarsa tana aiki, ƴaƴansa suna wasa a tsakar gida, yana cikin goman nan. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Bari Uwa Maryamu, Lafiyar Marasa Lafiya, wadda ta tsaya a gindin gicciyen Ɗanta, ta yi roƙo domin kowace uwa da ke zaune a bakin gadon ɗanta a daren nan. Allah ya ba yaranmu lafiya, ya ƙarfafa hannun masu jinyarsu, ya ba rayukan waɗanda suka riga mu hutawa ta har abada, ya kuma maido da salama a ƙasar Zamfara. Albarkar Allah Mai Iko Duka, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta sauko a kanku, ta zauna tare da ku har abada. Amin.